Wa ke zaɓar hanya: rauta, kwantirola, ko sunan abin da ake nema?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu a fannin sadarwar kwamfuta, an ba ni aiki a kan yadda ake zaɓar hanya a NDN (Named Data Networking, tsarin da ake neman bayani da sunansa) da SDN (Software-Defined Networking, tsarin da manhaja ke sarrafa na'urorin cibiya daga tsakiya). Na yi karatu har kaina ya ɗau zafi. Wasu na cewa da zarar an ɗora kwantirola irin ta SDN, wato manhajar tsakiya da ke ba na'urori umarni, a kan NDN, matsalar zaɓar hanya ta ƙare. Haka ne? Kuma mene ne ainihin bambancinsu?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, ba ta ƙare ba. Kwantirola tana sauke wani ɓangare na nauyin, amma wanda ya fi danne kafaɗa yana nan inda yake. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne ana jera fasahohin nan biyu kamar amsoshi biyu ga tambaya ɗaya, alhali ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. SDN tana tambayar a ina za a yanke shawara. NDN kuwa tana tambayar a kan me za a yanke ta. Ka riƙe wannan, sauran zai zo maka da sauƙi.

Da farko ka raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: tsara hanya da tura fakiti. Tsara hanya aikin lissafi ne, a tattara labarin wa ke haɗe da wa, a fitar da tebur. Tura fakiti aikin nan take ne, fakiti ya shigo ta wannan ƙofa, a duba tebur, a fitar da shi ta waccan kafin ƙiftawa da bismillah. A intanet ɗin da muka sani, kowace rauta, wato na'urar da ke tura fakiti tsakanin cibiyoyi, tana yin duka biyun da kanta. Cikin cibiya guda, ƙa'idar tsara hanya irin OSPF ko IS-IS kan sa kowace rauta ta sanar da sauran halin layukanta, kowa ya samu taswira iri ɗaya, ya yi lissafin Dijkstra, ya fitar da hanya mafi gajarta. Tsakanin manyan cibiyoyi kuma ƙa'idar BGP ke aiki tun 1989, kuma shi ba gajarta ce ta dame shi ba, manufar masu cibiya yake bi.

Akwai wani hali na rautar IP, wato ta intanet ɗin yau mai aiki da adireshi, da nake so ka sa wa ido, domin duk bayanin yana rataye a kansa: ba ta da tuni. Ta tura fakiti, ta manta da shi. Ba ta san ko ya isa ba, ko ya faɗi a hanya, ko yana ta kewaye tsakanin maƙwabtanta biyu. Tun da mai turawa makaho ne, dole mai tsara hanya ya ɗauki duk wahalar. Shi zai gano layi ya yanke, shi zai hana kewaye, kuma sai ya yi hakan da sauri. A saitin OSPF na asali ana aika gaisuwa duk bayan daƙiƙa 10, sai an yi daƙiƙa 40 ba a ji maƙwabci ba a ce ya mutu. Shi ya sa aka yi ta ƙirƙiro dabaru irin su BFD don a rage jiran nan zuwa milisakan.

SDN ta taso ne daga ƙorafin masu kula da cibiyoyi, cewa na'ura ɗari kowace da ra'ayinta, babu mai ganin cibiyar gaba ɗaya. Aikin Martin Casado da Nick McKeown a jami'ar Stanford, tare da Scott Shenker na Berkeley, shi ya haifi OpenFlow, ƙa'idar da kwantirola ke ba na'urori umarni da ita, a 2008, aka fitar da sigar 1.0 a ƙarshen 2009. Dabarar ita ce a cire ƙwaƙwalwa daga cikin suwic, na'urar da ke miƙa fakiti daga ƙofa zuwa ƙofa, a mayar da ita manhaja a kan sabar, wato kwantirola. Suwic ya zama mai bin umarni kawai: idan fakiti ya yi daidai da kaza, yi masa kaza. Kwantirola tana gano yadda aka haɗa na'urorin ta hanyar aika fakitin bincike na LLDP ta kowace ƙofa ta ga ta ina zai ɓullo, sai ta zana taswira, ta yi lissafi, ta rubuta dokoki cikin teburin kowane suwic.

Rubuta dokokin nan iri biyu ne. Ko dai a jira sai fakitin farko ya zo, suwic ya rasa dokarsa ya kai ƙara wurin kwantirola, ita kuma ta aiko da doka, ko kuma a rubuta komai tun kafin fakiti ya iso. Na farkon ya fi daɗin nunawa a aji, amma duk babbar cibiyar da ke aiki da gaske ta fi karkata ga na biyu. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Haske a cikin wayar faiba yana cin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato idan kwantirola na da nisan kilomita 1,000, zuwa da dawowa kaɗai milisakan 10 ne, ba a ma fara lissafi ba.

Inda SDN ta nuna ƙarfinta sosai shi ne rabon kaya a kan layuka. A 2013 Google ta bayyana B4, cibiyar da ke haɗa ma'ajiyoyin bayananta a nahiyoyi. A al'ada ana barin manyan layuka suna aiki da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfinsu saboda tsoron ranar da wani zai yanke. Da mai lissafi guda da ke ganin komai, suka tura wasu layukan kusa da kashi 100. Amma ka lura da abu biyu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Su ke da layukan, su ke da manhajojin da ke aika kayan, don haka sun san wane kaya zai iya jira. Na biyu, ba su jefar da BGP da IS-IS ba, sun bar su a ƙasa, ta yadda idan mai rabon kaya ya faɗi cibiyar za ta koma hanya mafi gajarta. Ni a ganina wannan shi ne darasin SDN mafi daraja: tsakiya ta yi gyara da kyautatawa, amma kada rayuwar cibiya ta rataya a wuyanta.

Tsakiyar ma tana da nata ciwon. Kwantirola ɗaya ba ta isa, sai an yi da yawa, kuma sai sun daidaita a kan taswira ɗaya, ka ga matsalar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga. Sannan dokoki ba sa sauka a kan suwic goma lokaci guda. Idan na uku ya karɓi sabuwar doka kafin na biyu, fakiti na iya yin kewaye ko ya faɗa rami na ɗan lokaci. Akwai maganin da ake yi, a yi wa fakiti alamar siga, a shimfiɗa sababbin dokoki a ciki tukuna kafin a juya ƙofar shiga, amma a lokacin sauyin tebur yana ɗauke da tsoho da sabo tare, ga shi ma'adanar TCAM da ke riƙe dokokin ƙarama ce kuma tana shan wuta.

To yanzu NDN, kuma a nan zan ɗan daɗe. Van Jacobson ne ya fito da tunanin fili a wata lacca a 2006, a 2009 shi da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta PARC suka fitar da cikakken tsarin da suka kira CCN. A 2010 hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta Amurka, NSF, ta ɗauki nauyin aikin NDN, Lixia Zhang ta jami'ar UCLA ke jagoranta. Tushen maganar shi ne mai kallon bidiyo bai damu da wace na'ura ke riƙe da shi ba, bidiyon yake so. To me ya sa cibiya za ta dage sai an faɗa mata adireshin na'ura? A faɗa mata sunan abin kawai.

Fakiti iri biyu ne: na nema da na amsa. Bari mu bi guda ɗaya da ƙafa. Wata ɗaliba ta nemi /jamia/lakca/darasi3/kashi7. Neman ya isa rauta ta farko. Rautar ta fara leƙa ma'ajiyarta, ko kashi na 7 ya taɓa ratsawa ta nan ta ajiye kwafi. Idan yana nan, ta miƙa mata, magana ta ƙare, sabar jami'a ba ta ma san an yi ba. Idan babu, sai ta duba teburin jira, wanda ake kira PIT, ko wani ya riga ya nemi wannan suna ana dakon amsa. Idan babu nan ma, ta rubuta sunan da ƙofar da neman ya shigo, ta duba teburin turawa, FIB, ta nemi goshin suna mafi tsawo da ya dace, a ce /jamia/lakca, ta tura gaba. Bayan 'yan milisakan wani ɗalibi ya nemi kashi na 7 ɗin nan ta wata ƙofa. Rautar ba za ta sake turawa ba, ƙofarsa kawai za ta ƙara a layin da ta riga ta buɗe a teburin jira. Da amsa ta dawo, ta fitar da ita ta ƙofofin biyu, ta goge layin, ta ajiye kwafi.

Ka duba da kyau: fakitin amsa ba ya ɗauke da adireshin kowa, kuma ba a duba masa FIB. Sawun da neman ya bari yake bi ya koma. Yana kuma ɗauke da sa hannun wanda ya samar da shi, don haka ko daga wace ma'ajiya ya fito za a iya tantance shi.

Ga inda abin ya bambanta da IP ƙwarai. Rautar NDN tana da tuni. Ta san ta tura nema ta ƙofa kaza, ta san ko amsa ta dawo, ta san tsawon lokacin da ta ɗauka. Idan neman da ta tura ya kewayo ya dawo mata, za ta gane shi, domin kowane nema yana ɗauke da wata lamba da aka zaɓa da ka, suna ɗaya da lamba ɗaya sau biyu alamar kewaye ce, sai ta yar da shi. Tun da mai turawa ya buɗe ido, mai tsara hanya ya samu sauƙi. Ba dole ba ne ya ba da hanya guda tilo marar kewaye. Zai iya cewa ga ƙofofi uku, ta farko ta fi, ki gwada. Abin da ke zaɓa a tsakaninsu ana kiransa dabarar turawa, kuma ana iya ba kowane goshin suna tasa. Akwai wadda ke bin ƙofa mafi daraja, akwai mai aikawa ta dukkansu, akwai ASF da ke auna lokacin dawowar amsa tana kuma ɗan taɓa sauran ƙofofin jefi-jefi ta ga ko wata ta fi.

Ɗauki yankewar layi ka kwatanta ukun. A OSPF, sai an gano, an yaɗa labari, kowa ya sake lissafi. A SDN, suwic ya sanar da kwantirola, ta yi lissafi ta aiko da dokoki, sai fa in an riga an dasa masa hanyar ko-ta-kwana, abin da OpenFlow ta tanada tun siga 1.1. A NDN, rautar da ke bakin layin ta ga amsa ta daina zuwa, ko maƙwabciya ta mayar mata da neman ta ce ba hanya, sai ta juya ƙofa ta biyu da kanta. Mai tsara hanya zai zo daga baya ya gyara tebur a natse.

Mai tsara hanyar da aka fi sani shi ne NLSR, wanda ƙungiyar Lan Wang ta jami'ar Memphis ta jagoranci ginawa. Ɗan'uwan OSPF ne ta fuskar tunani, kowace rauta tana sanar da maƙwabtanta da kuma sunayen da ake samu ta wurinta. Bambancin shi ne sanarwar kanta fakitin amsa ce mai suna da sa hannu, ana daidaita ta tsakanin rautoci ta hanyar nema da amsa. Kuma don ya samar da ƙofofi da yawa, yakan maimaita lissafin Dijkstra ta kan kowane maƙwabci, ya jera su bisa tsada. A cibiyar jami'a ko ta kamfani wannan yana aiki lafiya lau.

Matsalar tana fitowa ne idan ka ce duniya gaba ɗaya. Teburin BGP na IPv4 yana wajen layi miliyan ɗaya, kuma ko a haka an sha wuya: a Agustan 2014, da ya haura 512,000, tsofaffin rautoci da dama sun tuntsure saboda wurin da aka ware musu ya cika. Sunayen yanki da aka yi wa rajista a duniya kuwa sun haura miliyan 350, kuma ba sa dunƙuluwa yadda adireshi ke yi, domin adireshi yana bin tsarin cibiya, suna kuwa yana bin mai shi. Ƙari a kan haka, adireshin IPv4 bit 32 ne cif, na IPv6 128, amma suna ba shi da tsayayyen tsawo, neman goshinsa mafi tsawo a gudun layi aiki ne ja. Tunin nan da na yaba ma ba kyauta ba ne. Layi mai gigabit 10, amsa na ɗaukar milisakan 100, fakiti bayit 1,500: layuka kusan 83,000 ke buɗe a teburin jira a kowane lokaci, ana rubutawa ana gogewa. Mugu kuma zai iya cika teburin da neman sunayen da babu su.

An gwada mafita iri-iri. Ɗaya ita ce a bar sunayen manyan cibiyoyi kawai a tebur, mai nema ya fara tambayar wani ma'aji a ƙarƙashin wace cibiya abin yake, ya liƙa wannan manuniya a jikin nemansa. Yana aiki, sai dai in ka duba da idon basira adireshi ne ya dawo da wata riga. Wata kuma ita ce a ba kowace rauta matsayi a wani fili na lissafi, kowa ya tura wa maƙwabcin da ya fi kusa da inda aka nufa, ba tare da riƙe taswira ba. An yi amfani da wannan a cibiyar gwajin NDN tare da ASF, domin hanyar da lissafin ke bayarwa ba kullum ce mafi kyau ba, dabarar turawa ce ke gyara ta. Akwai kuma batun tafiya: idan mai nema ya sauya wuri ba komai, ya sake nema. Idan mai samar da bayanin ne ya tashi, nan ake yin ta.

Yanzu ga haɗin da ka tambaya. Cikas na farko, OpenFlow ba ta san suna ba. Filaye masu tsayayyen tsawo take dubawa, 12 a sigar farko, wajen 40 a siga 1.3, duk irin su adireshi da lambar ƙofa. Masu bincike kan niƙa sunan ya zama gajeriyar lamba su saka a wani fili, amma da ka niƙa suna ka kashe tsarinsa na goshi da rassa. Harshen P4, da ya fito a 2014, ya ba da damar koya wa suwic karanta sabon fakiti, sai dai sassan suna ƙididdigaggu kawai zai iya bi, kuma riƙe teburin jira da ma'ajiya a cikinsa wahala ce. Cisco ta bi wata hanya da hICN, ta cusa suna cikin adireshin IPv6 don rautocin yau su iya ɗauka.

Cikas na biyu ya fi zurfi, kuma na gan shi da idona a ɗakin gwaji. Mun tsara cewa duk neman da rauta ba ta da dokarsa ta kai wa kwantirola. Da na'ura kaɗan da ƙananan fayiloli komai ya tafi sumul. Ranar da muka ja babban fayil, saƙonni suka yi cincirindo a bakin kwantirola, wa'adin nema na daƙiƙa 4 ya riƙa cika kafin doka ta iso, masu nema suka sake aikawa, layin ya ƙara tsawo. Mun yi tunani da ƙwaƙwalwar IP, inda dubban fakitoci ke tafiya ƙarƙashin doka ɗaya. A NDN kowane kashi sunansa daban. Fayil mai gigabayit ɗaya, in an yanka shi bayit 8,000-8,000, sunaye 125,000 ke nan. Da muka koma rubuta doka a kan goshin suna tun kafin a nema, cunkoson ya watse.

Haka ma masu cewa kwantirola ta riƙa sanin abin da ke cikin kowace ma'ajiya don ta kai nema wurin kwafi mafi kusa. Abin da ke ma'ajiya yana sauyawa da gudun layi, kafin labari ya isa tsakiya an riga an goge kwafin. Wannan yana yiwuwa ne kawai ga kwafin da aka dasa da gangan aka ce ya zauna.

Saboda haka ga rabon aikin da nake ganin ya dace. Kwantirola ta riƙe abin da ke sauyawa a hankali kuma yake bukatar ganin cibiya gaba ɗaya: taswira, wane goshin suna ke ina, jerin ƙofofin da aka yarda a bi, wace dabarar turawa za a ba wane suna, inda za a dasa manyan ma'ajiyoyi, da manufofin da rauta ɗaya ba za ta iya sani ba. Ta kuma iya zama ma'ajin da rautar bakin cibiya ke tambaya sau ɗaya idan ta ci karo da baƙon goshi, ta yadda tebur zai ɗauki sunayen da ake nema yanzu kawai. Wannan ragi ne na gaske, amma a cikin cibiya mai mamallaki ɗaya. Tsakanin cibiyoyi babu wanda zai miƙa wuyansa ga kwantirolar wani, don haka yawan sunayen duniya yana nan yana jiranka. Duk abin da ya shafi milisakan kuwa, a bar wa rauta. Wani wurin da za ka kiyaye shi ne kada su biyun su riƙa ja-in-ja: kwantirola ta kwashe kaya daga layin da ya cika, dabarar turawa ta ga layin ya yi sauƙi ta mayar da su. A nan akwai aikin bincike mai kyau, in kana neman inda za ka kafa naka.

Wajen gwaji, manhajar kwaikwayon cibiya ndnSIM da ke kan ns-3 zai ba ka cibiya babba, Mini-NDN kuma zai ba ka manhajojin NFD (mai tura fakiti a NDN) da NLSR na gaske a kan Mininet. Ka gina taswira ɗaya ka gwada tsari uku a kanta: NLSR shi kaɗai, kwantirola mai bayar da ƙofa guda, da kwantirola mai bayar da jerin ƙofofi tare da ASF. Ka yanke layi ana tsakiyar jan fayil, ka ƙirga neman da suka mutu kafin amsa ta ci gaba da zuwa. Ka ƙirga saƙonnin sarrafawa da girman FIB yayin da kake ƙara yawan sunaye. Ka nisanta kwantirola da milisakan 5, sannan 50, ka maimaita. Daga nan ka kashe ta ɗungurungum, ka sake yanke wani layin, ka rubuta abin da kowanne cikin ukun ya yi.